Launin Fitila a Ɗakin Renon Tsiro: Yadda Ake Zaɓa, a Haɗa, a Auna

Ka ɗauki kwalabe biyu da ake renon ƙananan tsirran ayabar dafawa irin apantu a cikinsu, uwarsu ɗaya, abincinsu ɗaya, an dasa su rana ɗaya. Ka ajiye ɗaya ƙarƙashin jan haske zalla, ɗayar ƙarƙashin shuɗi zalla. Bayan mako huɗu ba sai an gaya maka wacce ta kwana ina ba. Ta wajen ja ta miƙe siririya har tana taɓo murfi, ganyenta ya koɗe, ba kauri. Ta wajen shuɗi gajera ce kakkaura, ganye kore shar, wani lokaci da ɗan jaja-jaja a gindi. Wannan bambancin ne ke sa ɗalibai da masu ƙananan ɗakunan reno a Kumasi su garzaya Adum neman fitila mai launi. Sai dai da yawa sukan koma da kuskure ɗaya: suna canza launi, ba su san sun canza ƙarfin hasken ba, daga baya su jingina wa launi abin da ƙarfi ya haifar. Saboda haka za mu fara da awo kafin mu zo ga zaɓi.

Abin da tsiro yake gani

Ana auna launin haske da nanomita. Shuɗi yana tsakanin 400 da 500, kore 500 zuwa 600, ja 600 zuwa 700. Bayan ja akwai wani ja mai nisa, wajen 730, wanda ido ba ya ganinsa sosai amma tsiro na jinsa ƙwarai. Ƙasa da 400 kuma ultarabayolet ne.

Haske aiki biyu yake wa tsiro. Na farko abinci: kulorofil, wato koren sinadarin ganye, na shan shuɗi wajen 430 zuwa 450 da ja wajen 640 zuwa 660 don haɗa sukari. Na biyu saƙo ne, kuma shi ya fi damun mai reno, domin tsiron kwalba yana da sukarinsa a cikin abinci, giram 30 a kowace lita a tsarin Murashige da Skoog na 1962 da kusan kowa ke bi. Ba yunwa ce ke sa shi sauraron fitila ba, umarni yake karɓa. Da wasu sinadarai masu jin haske a jikinsa yake karɓar umarnin. Fitokurom na sauraron ja da ja mai nisa. Idan ja mai nisa ya rinjaya, tsiro ya ɗauka wani ganye ne ya yi masa inuwa, sai ya miƙe neman rana. Kiriftokurom da fototirofin na sauraron shuɗi. Su ke hana miƙewa, su buɗe ƙofofin numfashin ganye, su kunna hanyar da tsiro ke bi wajen haɗa sinadaran kare kai. Ja zalla ba tare da shuɗi ba tsiro bai taɓa haɗuwa da shi a daji ba, shi ya sa yake rikicewa: ganye ya naɗe, ƙofofin numfashi su ƙi aiki yadda ya kamata.

Awo kafin komai

Ma'aunin da ya dace shi ne adadin ƙwayoyin haske da ke sauka a kan murabba'in mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya, ana faɗinsa da maikiromol. Ranar tsakar rana a fili takan kai wajen 2,000. Tsiron kwalba 30 zuwa 60 yake so a yawancin matakai. Na'urar da ke auna wannan ita ce mitar kwantam, kuma tana da tsada. Wanda ba shi da ita ya nemi aro na yini ɗaya daga wani ɗakin gwaji. A Kumasi akwai masu aikin renon tsiro a Cibiyar Binciken Amfanin Gona ta Fumesua da jami'ar KNUST, a Akara kuma akwai cibiyar bincike ta BNARI a Kwabenya da Jami'ar Gana a Legon. Yini ɗaya ya isa a zana taswirar hasken kowace kanta.

Mitar luks, da manhajar waya da ke kwaikwayonta, an gina su ne a kan idon mutum, wanda ya fi ganin kore wajen 555. A ƙarƙashin farar fitila suna da amfani: ka raba abin da ta nuna da kusan 70, ka samu maikiromol a ƙiyasce, wato luks 3,500 ya zama kusan 50. A ƙarƙashin ja mai 660 ko shuɗi mai 450 kuwa, wannan maikiromol 50 ɗin bai fi luks ɗari huɗu zuwa biyar ba a mitar. Mutum ya ga ƙaramin adadi, ya ce hasken ya yi kaɗan, ya ƙara fitilu har ya ninka abin da ake bukata sau biyar ko shida, ganye ya ƙone, ya ce shuɗi ne ba shi da kyau. Ba laifin shuɗi ba ne.

A ina ake ajiye mitar? A tsayin ganyen tsiro, cikin kwalbar da babu komai, da murfinta a rufe. Murfin roba mai hazo yana cinye wani kaso na hasken, takardar alminiyam kuwa tana tare na sama gaba ɗaya, sai na gefe kaɗai ke shiga. A auna wurare tara a kowace kanta: kusurwoyi huɗu, tsakiyar gefuna huɗu, da tsakiya. Idan kusurwa ta gaza kashi 80 cikin ɗari na tsakiya, a bar kusurwar ba kwalba, ko a ƙara layin fitila a gefe.

Akwai lissafi ɗaya da ya kamata ya zauna a ka: ƙarfi sau awanni sau 3,600, a raba da miliyan ɗaya, shi ne hasken yini. Maikiromol 50 na awa 16 ya ba da mol 2.88. In ka rage zuwa awa 12 kana son jimilla ɗaya, sai ka ɗaga ƙarfi zuwa kusan 67.

Haɗa kantar

Ƙarfen kanta maƙeran Suame Magazine za su yi maka shi da kyau in ka ba su awo a rubuce: tsawo santimita 120, faɗi 50, tsakanin hawa da hawa 40 zuwa 45. A shafa farin fenti, domin fari na mayar da haske kan kwalabe. Tsakanin fitila da murfin kwalba a bar santimita 20 zuwa 30. In ta matso fiye da haka, kwalbar da ke ƙarƙashin jan ƙwai ja za ta sha, ta kusa da ita shuɗi, launukan ba su samu filin cakuɗuwa ba.

Lissafin wuta ga wannan kanta haka yake. Faɗinta murabba'in mita 0.6, kana son 50, wato maikiromol 30 a daƙiƙa su sauka kan tsirrai. Kusan rabin abin da fitila ta fitar yana tafiya bango da murfi, don haka ka nemi 60. Zaren LED na kasuwa yana ba da wajen maikiromol ɗaya da rabi a kowane wat na wutar da ya ci, ka ga wat 40 ke nan. Mai kyau ƙwarai zai yi aikin da wat 25. Wat 40 a kan bolt 12 amfiya 3.3 ne, sai ka sayi adafta mai amfiya 5, kada ta riƙa aiki a maƙura. Awa 16 a yini ya zama yunit 0.64 a mitarka ga kowane hawa, ban da na'urar sanyaya ɗaki.

A kasuwa ka buɗe ido kan abu ɗaya. Zaren ado mai launi uku, irin wanda ake yi wa shaguna da wuraren biki kwalliya da shi, jansa wajen 620 zuwa 630 yake, shuɗinsa wajen 465 zuwa 470. Tsiro zai girma a ƙarƙashinsa, amma ba shi ne 660 da 450 da ake rubutawa a rahotannin bincike ba, kuma bai halatta ka rubuta a rahotonka cewa 660 ka yi amfani da shi ba. Ka tambayi mai shago lambar nanomita a jikin kwali. In ba a rubuta ba, ka ɗauka na ado ne.

Kowane launi ya samu wayarsa da na'urar rage ƙarfinsa daban. Wannan ne zai ba ka damar cewa kashi 70 ja, kashi 30 shuɗi, da gaskiya. Ƙirga ƙwayaye ba awo ba ne: jajaye bakwai da shuɗɗa uku ba sa nufin 70 da 30. Wat ɗaya na hasken 660 yana ɗauke da maikiromol 5.5, na 450 kuwa 3.8 kawai, kuma ƙwayayen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Hanyar ita ce ka kunna ja shi kaɗai ka daidaita shi a 35, ka kashe, ka kunna shuɗi ka daidaita shi a 15, sannan ka haɗa su ka tabbatar mita ta nuna 50. Ka jira minti 30 bayan kunnawa kafin awo, domin jan LED na rage ƙarfi in ya ɗauki zafi fiye da yadda shuɗi ke yi, rabon da ka auna da sanyi ba shi ne na tsakar rana ba. Saboda wannan ne ma ake manna zaren a kan sandar alminiyam, ba a kan katako ba. Zaren da ya wuce mita biyu a ba shi wuta ta kai biyu, in ba haka ba ƙarshensa zai dushe.

Adaftoci a fitar da su wajen ɗakin, ko aƙalla nesa da ƙasan kanta. Zafin da ke tasowa daga fitilar hawan ƙasa yana ɗumama gindin kwalaben hawan sama, ruwan abinci ya tashi ya taru a murfi, iska ta cika da laima, ganye ya kumbura ya zama kamar gilashi, mai saurin karyewa. Farantin soso mai kauri santimita biyu, ko tazarar iska tsakanin fitila da katakon sama, yana magance shi. A riƙe zafin ɗaki a digiri 25 zuwa 27. Ayaba da rogo na jure 28.

Ka ƙara layi ɗaya na farar fitila mai makunninsa daban, ko da tsarinka ja da shuɗi ne. A ƙarƙashin hasken nan mai ruwan shanshanbale kowane ganye baƙi-baƙi yake fitowa. Ba za ka ga farin hazon bakteriya da ke zagaye gindin tsiro a cikin abinci ba, ba za ka ga ganyen da ya fara rawaya ba, sai abu ya lalace.

Kowane mataki da haskensa

Ranar da aka yanko ƙwayar tsiro daga ɗan ayaba, babban abokin gaba shi ne baƙin ruwan da ke fita daga wurin yanka. Sinadaran fenol ne ke haɗuwa da iska su yi baƙi, su kashe yankin. Haske, musamman shuɗi, yana ƙara haɗa su. Don haka kwana bakwai na farko a duhu, ko a haske mai rauni da bai wuce 10 ba, tare da asid askobik a cikin abinci da sauya kwalba da zarar abincin ya fara duhu. Ayabar dafawa ta fi ta ci ɗanye wannan hali. Kalus, wato dunƙulen naman tsiro marar ganye marar saiwa, shi ma yawanci a duhu ake fara shi.

A matakin ninkawa ne ake ta muhawara. Abin da ya tabbata a gwaje-gwaje da yawa shi ne cakuɗa ja da shuɗi ya fi kowannensu shi kaɗai, kuma rabon da ke aiki ga yawancin tsirrai yana tsakanin ja 70 shuɗi 30 da ja 90 shuɗi 10. Ga ayaba ka fara da 80 da 20 a ƙarfin 40 zuwa 60, awa 16. Amma a faɗi gaskiya: farar LED mai kyau, mai lamba 4,000 zuwa 6,500 kelbin, tana da shuɗi da kore da ja a cikinta, kuma ga wanda burinsa fitar da dashe mai lafiya ga manoma, da wuya fitila mai launi ta ba shi ribar da za ta biya wahalarta. Farar LED da ɗan ƙarin layin ja mai 660 ita ce shawararmu ga ɗakin kasuwanci. Kuma a ninkawar ayaba homon, wato sinadarin sarrafa girma da ake zubawa a abinci, ya fi launi iko nesa ba kusa ba. Bambancin miligiram 2 da miligiram 5 na homon BAP a lita ya fi duk abin da fitila za ta yi. Wanda ya ga apantu ya fitar da kai irin na apem a gona kada ya zargi fitila, yawan maimaita ninkawa ne da yawan homon. A tsaya a zagaye takwas zuwa goma a koma ga sabuwar uwa.

Rogo da doya da dankali labarinsu daban, domin da gaɓa ake ninka su. Kana ciro tsiron ka shimfiɗa a kan takarda, ka yanka shi gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya. In shuɗi ya yi yawa, gaɓoɓin sun matse har bakin aska ba ya samun wurin shiga tsakanin ido da ido. Ka yanka, ka ji wa ido ciwo, gunduwar ta mutu. In ja ya yi yawa, tsakanin gaɓoɓi ya yi tsawo amma kara ya zama kamar zare, yana lanƙwashewa a bakin hantsaki, kuma tsiron ya cika kwalba da gaɓa huɗu maimakon shida. Abin nema shi ne tazarar santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Da wannan za ka daidaita fitilarka ba tare da wata na'ura ba: ta gaza, rage shuɗi ko ƙara ɗan ja mai nisa; ta wuce, ƙara shuɗi. Ja mai nisa a yi masa kaɗan-kaɗan, kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma na jimilla, kuma ka sani yawancin mitocin kwantam ba sa ƙirga abin da ya wuce 700.

Saiwa ta fi son ja, kuma ta fi son gindinta a duhu. A matakin fitar da saiwa a rage shuɗi zuwa kashi 10, a naɗe ƙasan kwalbar da baƙar takarda har tsayin abinci, ko a zuba gawayi mai aiki giram ɗaya zuwa biyu a lita. Mako biyu kafin fitarwa sai a juya lamarin: a mayar da shuɗi kashi 30 ko a koma fari, a ɗaga ƙarfi zuwa 80 ko 100, a ɗan sassauta murfi a kwanakin ƙarshe. Dalili shi ne ganyen kwalba bai iya rufe ƙofofin numfashinsa ba, fatarsa kuma ba kakin kirki. Tsiron da aka ciro kai tsaye daga jan haske mai rauni aka kai rumfa a watan Janairu, lokacin da hunturu ke busar da komai, kafin la'asar ya yi yaushi.

Haske yana taɓa abincin ma

Wannan ɓangare da yawa ba su san shi ba, kuma yana ɓata sakamakon gwaji. Ƙarfen da ke cikin abincin reno a ɗaure yake da wani sinadari mai suna EDTA don ya zauna a narke. Haske mai gajeren zango, shuɗi da ultarabayolet, yana fasa wannan ɗauri, ƙarfen ya kwanta, EDTA ɗin ya saki fomaldehaid mai cutar da tsiro. Hangarter da Stasinopoulos sun nuna haka a Amurka a farkon shekarun 1990, suka kuma nuna cewa rawayar matatar haske da ke tare wannan zangon na hana ɓarnar. Haka homon IAA mai sa saiwa ta fito, haske na lalata shi, balle in akwai ribofilabin a abincin. Ma'ana, wani lokaci in ka ga saiwa ta ƙi fita a ƙarƙashin shuɗi, ba tsiron ne ya ƙi ba, homon ɗin ne ya mutu a cikin kwalba. Maganin mai sauƙi ne: a ajiye abincin da aka dafa a kabad mai duhu, a yi amfani da shi cikin mako biyu, a zaɓi homon NAA ko IBA maimakon IAA in gwajin na launi ne, a kuma rufe gefen kwalba daidai tsayin abinci a dukkan rukunoni, ba a rukuni ɗaya ba.

Idan sinadari ake nema, ba dashe ba

A nan launi yake nuna ƙarfinsa na gaske. Sinadaran da muke kira magani, a wurin tsiro garkuwa ce. Antosayanin, wanda shi ne jan da ke cikin sobolo, da filabonoyid da sauran dangin fenol, tsiro na haɗa su ne don kare kansa daga zafin haske. Shuɗi da ultarabayolet na kunna enzayim ɗin PAL da CHS da ke bakin wannan hanya. Shi ya sa kalus ɗin da ya zauna fari ko ruwan madara a duhu yakan fara fitar da jajayen ɗigo a samansa cikin mako ɗaya zuwa biyu in an mayar da shi ƙarƙashin shuɗi, in dai irin na da wannan baiwar. Waɗannan ɗigon su ake tsincewa da bakin aska a sake dasawa, zagaye bayan zagaye, har a samu layi mai ja duka.

Amma kada a mayar da wannan doka. Tambayar farko ita ce: a wane sashe tsiron ke haɗa sinadarin a daji? Na ganye da fure haske suke so. Bindolin, rabin ginin maganin kansa na binbilastin da ake samu a ganyen tsiron Catharanthus, wanda ke tsirowa a bakin gidaje ko'ina a Kumasi, matakansa na ƙarshe sai da haske da koren ganye. Kalus a duhu ba ya yinsa. Atemisinin, maganin zazzaɓin cizon sauro na tazargade, ana haɗa shi ne a ƙananan gashin da ke kan ganye, don haka renon rassa masu ganye a haske ake yi, kalus ba ya ba da abin kirki ko da wane launi aka haska shi. Na saiwa kuwa sau da yawa duhu suke so. Shikonin, jan sinadarin da kamfanin Mitsui na Japan ya fara fitarwa kasuwa daga renon ƙwayoyin tsiro a 1983, haske na hana haɗa shi, shuɗi ya fi kowane launi hanawa. Wanda ke son aiki a kan nibima, wata shukar magani wadda saiwarta ce ke ɗauke da sinadarin kiriftolefin, dole rukunin duhu ya zama cikin gwajinsa tun ranar farko.

Abu na biyu, girma da sinadari kishiyoyi ne. Hasken da ke matsa wa tsiro ya haɗa garkuwa yana rage masa girma. Saboda haka ake raba aikin biyu: mako uku a duhu ko a fari mai rauni don naman ya yawaita, sannan kwana 7 zuwa 14 a ƙarƙashin shuɗi mai ƙarfin 50 zuwa 80 kafin girbi. Ƙara sukari zuwa giram 50 a wannan mataki na biyu yakan taimaka wa antosayanin. Game da ultarabayolet, a kiyaye: fitilar kashe ƙwayoyin cuta mai 254 da ke cikin akwatin dashe ba ta reno ba ce, tana kashe tsiro tana ƙona ido da fata. Gilashin kwalba kuma yana tare yawancin zangon 280 zuwa 315, don haka haska shi ta jikin kwalba ɓata wuta ne. Mai farawa ya tsaya a shuɗi.

Yadda ake gwajin da za a yarda da shi

Rukuni biyar sun isa: duhu, fari, ja, shuɗi, da cakuɗen 70 da 30. Dukkan masu haske a ƙarfi ɗaya da awanni ɗaya. A raba su da kwali mai kauri, fari a ciki, da baƙin labule a gaba. Da dare ka kashe fitilar rukuni ɗaya ka sa mita a ciki. In ta nuna fiye da maikiromol ɗaya, haske na satar shiga daga maƙwabta, kuma fitokurom na jin ƙasa da haka ma. Rukunin duhu a naɗe kowace kwalba da alminiyam ninki biyu a bar ta a ɗaki ɗaya da sauran. A sa ma'aunin zafi a kowane rukuni, bambanci kada ya wuce digiri ɗaya.

Kwalba goma zuwa goma sha biyar a rukuni, yankuna masu girma ɗaya. In kalus ne a auna kowane dunƙule, misali giram 0.5. Kafin gwaji duk su yi zagaye ɗaya a haske iri ɗaya. Kowane kwana uku a sassauya musu wuri cikin rukuninsu. Sannan a maimaita gwajin gaba ɗaya sau uku, ana sauya wa launuka hawa, domin kwalba goma sha biyar a hawa ɗaya ba su raba tasirin launi da tasirin hawan ba. Wataƙila hawan ne mafi kusa da na'urar sanyi.

Dumso, wato yawan ɗauke wuta, na iya rusa duk wannan. Taimar kunna fitila da kashe ta mai juyawa da haƙora tana tsayawa in wuta ta ɗauke, ta ci gaba daga inda ta tsaya, bayan ɗaukewa uku darenka ya koma rana. A sayi ta dijital mai batiri a ciki. Tunda zaren na bolt 12 ne, ana iya ɗora shi kan batiri ta hanyar na'urar daidaita bolt, kada ƙarfin haske ya riƙa sauka tare da cajin. In wuta ta ɗauke na'urar sanyi ta tsaya, gara a kashe fitilun duka a rubuta awannin da aka rasa, da a bar ɗakin ya haura digiri 32.

A girbi bayan mako huɗu zuwa shida, a sa'a ɗaya ta yini ga kowa. A ƙirga rassa, a auna tsawo, a goge abincin da ya manne a auna nauyin ɗanye. Nauyin ɗanye shi kaɗai yaudara ne, tsiron da ya kumbura da ruwa ya fi kowa nauyi. A busar a digiri 60 na kwana biyu zuwa uku har nauyi ya daina sauka. Wanda za a auna sinadarinsa a busar da shi a 40 cikin duhu. Jimillar fenol ana auna ta da ruwan Folin-Ciocalteu a 765, a gwada da asid galik. Antosayanin kuwa a raba ruwan da aka tatsa biyu, ɗaya a pH 1.0 da fotasiyam kulorayid, ɗaya a pH 4.5 da sodiyam asitet, a karanta kowanne a 520 da 700. A cire na 700 daga na 520 a kowanne, a cire sakamakon 4.5 daga na 1.0, a ninka da 449.2 da adadin sirki da 1,000, a raba da 26,900. Abin da ya fito miligiram ne a lita, in kwalbar awon mai faɗin santimita ɗaya ce.

Adadin ƙarshe da za ka rubuta shi ne na kowace kwalba, ba na kowane giram kaɗai ba. A ce shuɗi ya ba da miligiram 12 a giram amma busasshen nauyinsa giram 0.20 ne, fari ya ba da 7 a giram da nauyin 0.45. Na farko miligiram 2.4 ke nan a kwalba, na biyu 3.15. In ka ga irin wannan, sai ka ƙara rukuni na shida a zagaye na gaba: mako uku a fari, kwana goma na ƙarshe a shuɗi, ka girbe kwalba uku-uku a rana ta 3 da ta 7 da ta 10 don ka ga ranar da sinadarin ya daina hawa.